Fenti da Lissafi a Ajin 'Yan Shekara Huɗu: Abin da Na Riƙa Rubutawa a Zangon Farko

Laraba, 18 ga Satumba, 2024

Yara 23 aka ba ni bana, mafi yawansu 'yan shekara huɗu, uku sun shiga biyar. Kusan kowa a cikinsu yana iya zubo "wan, tu, tiri" har ashirin ba gargada, da karin waƙa ma. Yau na zuba murafen kwalba bakwai a kan benci, na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya ina cewa a ƙirga mini. Shida ne kawai suka ce bakwai. Sauran, baki yana gudu yatsa yana tafiyar hawainiya, ko yatsa ya tsallake murfi biyu, ko ya dawo kan wanda ya riga ya taɓa. Wata yarinya ta kai goma sha biyu a kan murafe bakwai, ta ɗago kai tana jiran tafi.

Ba laifinsu ba ne. Murfin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba kamarsu ɗaya. Shi ya sa nake son in gwada fenti a wannan zango: duk abin da yatsa ya taɓa ya bar shaida a jikinsa. Shugabar makaranta ta ba ni minti talatin, sau biyu a mako, da sharaɗin kada in nemi ko kwabo daga ofis.

Litinin, 23 ga Satumba

Na tambayi kuɗin fentin yara na kanti a Sabon Gari, na ajiye musu abinsu na fito. Ko da na saya ma, 'yan shekara huɗu komai baki suke kai shi. Don haka jiya Lahadi a madafi na wuni.

Na dama sitacin rogo kamar za a yi kunu mai ɗan kauri, na bar shi ya huce, na raba gida uku. Kaso ɗaya na zuba ruwan zoɓo da na dafa ya yi duhu sosai. Na biyu garin kurkum. Na uku gawayi da na daka na tankaɗe da rariyar laushi, na sa masa ɗan jiƙaƙƙen ƙaro don ya kama takarda, irin dabarar tawadar allo. Ja, rawaya, baƙi. Takarda kuwa bayan tsofaffin kalanda da kwalayen taliya da mai shagon bakin layinmu ya tara mini.

Abin da ban zata ba: zoɓon ja ne jawur a kofi, amma da ya bushe a kan farar takarda sai ya koma shuɗi-shuɗi, kamar ruwan ɗinya. A kan kwali bai canja sosai ba. Zan ci gaba da ce masa ja, in ga ko yaran za su yarda.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ranar farko. Na zana da'irori biyar a kowace takarda, na ce kowa ya tsoma yatsa ɗaya ya ɗiga a cikin kowace da'ira, yana faɗin lamba.

Yatsa ɗaya! Kafin in juya an tsoma hannu har wuyan hannu. An shafe da'irorin, an shafe benci, an shafa wa juna a kumatu. Kofin baƙi ya kife a ƙafar Antin da ke taimaka mini. Inna mai shara ta leƙo ta taga, ta kama haɓa ta ce, "Malama, yau kuma rini aka koma?" Na ce, "Inna, a yi haƙuri, ni zan goge." Ni ɗin kuwa na goge.

Ba a ƙirga ko ɗaya ba. Kuskurena ne: na kawo wa yaro abin da bai taɓa gani ba, kuma ina son ya bi doka a kansa a ranar. Mako mai zuwa su yi ta dagwalgwalo har marmarin ya ragu. Fentin kuma a murafen robar man shafawa zan riƙa zubawa, kaɗan-kaɗan, iya abin da zai jiƙa kan yatsa.

Laraba, 2 ga Oktoba

Jiya hutun ranar 'yancin kai, yau na tarar da wata uwa tana jirana a bakin aji da farar rigar ɗanta a leda. Kurkum ne ya zuba masa. Da ta sa sabulu sai wurin ya juye ja kamar jini, hankalinta ya tashi. Na ba ta haƙuri, na ce mata halin kurkum ke nan, in ya haɗu da sabulu ko kanwa ja yake komawa, ta ɗauraye ta shanya a rana kwana biyu zai dushe. Ta ce, "To Malama, mu dai karatu muka kawo su." Ban ja maganar ba, don rigar ita ta saya.

Na aika wa iyaye saƙo kowa ya kawo tsohuwar rigar babba, a riƙa zura wa yaro a kan yunifom. Na rage kurkum ɗin da rabi.

Talata, 8 ga Oktoba

Yau abin ya fara kama hanya. Rukuni-rukuni na yi, yara shida a tabarma, sauran suna wajen Anti da waƙa. Na zana kaji huɗu a kowane kwali (Anti ta ce sun fi kama da agwagi), na ce kowace kaza a ba ta ƙwayar dawa ɗaya da yatsa, kada wata ta ci biyu, kada a bar wata da yunwa. Wannan maganar ta yunwa ta fi duk wani bayani aiki. Yaron da ya fi kowa tsalle-tsalle ya tsaya cak yana duba wadda ba ta samu ba. Ba ya bukatar ya riƙe a ka, fentin ya nuna masa.

Sai dai akwai mataki na gaba, kuma nan ne da yawa suka tsaya. Yarinyar nan mai goma sha biyu ta ɗiga daidai: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na ce, "To kaji nawa ke nan?" Sai ta koma farko: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sake tambaya, ta sake ƙirgawa. A wurinta "nawa" umarni ne na a yi waƙar, ba ta san cewa lambar ƙarshe ita ce amsar tarin gaba ɗaya ba. Tana ɗaukar "huɗu" sunan kazar ƙarshe ce.

Na tuna mun karanta wannan a kwaleji, na haddace don jarrabawa na watsar. Wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, sun fitar da shi a 1978: kafin a ce yaro ya iya ƙirga, sai ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya riƙa jera lambobin a tsari guda kullum, ya gane lambar ƙarshe ita ce adadin, ya san komai ana iya ƙirga shi, kuma ko ta ina aka faro adadin ba ya canjawa. Yarana waƙar ta ba su na biyu kawai. Fenti ya kawo na farko. Na uku shi ne aikin wannan wata.

Dabarar da na gwada: in an gama ɗigawa, sai a tsoma yatsa a wani launi a zagaye kajin duka da layi ɗaya, a ce "duka huɗu". Kamar an kora su akurki. Za mu gani.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Damina ta ja jiki, amma akwai sauran ɗanyar kuɓewa a kasuwa. Na yanka ta a kwance, na bar ta ta ɗan sha iska don yauƙin ya ragu, muka yi hatimi da ita. Abin sha'awa, kamar fure. Muka ƙirga ɗakunan da ke ciki, biyar. Muka ƙirga na gaba, biyar. Har na buɗe baki na ce kuɓewa kullum biyar ce, sai wani yaro mai shiru-shiru, wanda tun da aka dawo hutu ban ji muryarsa sosai ba, ya miƙo tasa ya ce, "Anti, tawa shida." Na karɓa na ƙirga. Shida ce. Na ce ya fi ni gaskiya, ajin ya yi masa tafi, shi kuma ya ɓoye fuska a cikin rigar babansa.

Muka ƙara da murfin kwalba don da'ira, gindin kwalin ashana don mai kusurwa huɗu, da dankalin Hausa da na fere ya zama alwatika. Na lura da wani abu game da alwatika. In tsininta yana sama, kowa ya san ta. Da na juya hatimin tsinin ya kalli ƙasa, rabin ajin suka ce wannan ba ita ba ce. A littafinsu da allon bango kullum a zaune take a gindinta, sun ɗauka zaman yana cikin sunan. Hatimi kuwa duk yadda hannu ya kama shi haka yake sauka, don haka takarda ɗaya ta cika da alwatika a karkace, a kife, a kwance. Muka bi su da yatsa muna ƙirga gefe: uku, uku, uku.

Litinin, 21 ga Oktoba

Fentin da na bari a aji tun Alhamis ya yi tsami, kiyashi sun yi sansani a kwabad. Sitaci ba ya kwana uku. Daga yau damun safe, na ranar kawai.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na gwada tsohon gwajin nan na Jean Piaget, masanin Suwizalan: layi biyu na abubuwa masu adadi ɗaya, sai a baza ɗaya ya yi tsawo, a tambayi yaro wanne ya fi yawa. Da fenti na yi nawa. Tsiri biyu na takarda, kowanne ɗigo biyar, ɗaya a cunkushe ɗaya a warwatse. Kusan duka suka nuna mai tsawon. Har waɗanda suka ƙirga biyar nan, biyar can, da bakinsu, da na sake tambaya sai suka nuna dogon. Ido ya rinjayi baki.

Na sa su ja layi da fenti daga kowane ɗigo na sama zuwa abokinsa na ƙasa. Ba wanda ya rasa aboki. Wasu suka yi jim. Ɗaya ta ce, "To ai wannan ɗin ya miƙe ne kawai." Na ji daɗin wannan magana har raina.

Amma a nan na ga iyakar fenti, kuma gara in rubuta don kada in ruɗi kaina. Ɗigo in ya sauka ya zauna ke nan. Ba a matsar da shi, ba a ɗebe biyu a ga saura. Abin da ya sa ya yi amfani wajen ƙirga shi ne ya sa ba ya amfani a nan. Wannan darasi na tsakuwa ne da ƙwallon dabino da murafe, abin da yaro zai tara ya baza ya sake tarawa da hannunsa. Kuma ban ga alamar abu ne da ake cusawa a mako ɗaya ba. Na mayar da murafen kwalba ranar Litinin, fenti ya tsaya Talata da Alhamis.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Jeri mai maimaituwa. Kafin in fito da fenti na ce kowa ya dubi tabarmar da yake zaune a kai: ja, kore, ja, kore. Muka tafa shi, muka taka shi da ƙafa, sannan muka ɗiga: ja, baƙi, ja, baƙi, me zai biyo? Wannan bai ba su wuya ba. Da na koma ja, ja, baƙi, sai aka rabu. Yawanci suka yi biyu-biyu na farko daidai, daga nan hannu ya koma ɗaya-ɗaya da ya saba.

(Sun daina yarda zoɓo ja ne, af. Sun ce "kalar zoɓo". Na bi su.)

Abin da ya taimaka shi ne sa wa jerin murya. Kalar zoɓo "dum", baƙi "kas": dum-dum-kas, dum-dum-kas. Wani yaro da kakansa makaɗi ne ya kama nan take, ya shiga buga benci, sauran suka bi shi. Malamin ajin kusa ya aiko a rage.

Talata, 12 ga Nuwamba

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Iyaye uku sun yi ƙorafi: a wata makarantar 'yan shekara huɗu suna rubuta 1 zuwa 100 a littafi, a nan kuma ana dawo musu da kwalin taliya. Ta ce, "Malama, ni na ga abin da kike yi, amma mai biyan kuɗin makaranta littafi yake buɗewa."

Na ce, "Hajiya, a ba ni minti biyu." Na kawo littafin wani yaro da ya cika shafi da 8, kyakkyawan rubutu, na kuma kawo yaron, na ce ya ba Hajiya murafe takwas daga cikin gwangwani. Ya damƙo cikin hannu ya zube mata. Hajiya ta yi dariya ta ce ta gane, amma duk da haka a riƙa ba da aikin gida.

Mun tsaya a tsakiya. Za su riƙa rubuta lamba, amma iya inda suka iya ƙirgawa, kuma kowace lamba da ɗigonta a gefe. Rubutun ma da yatsa da fenti za a fara, babba, cika takarda, kafin fensir. Ba sabon abu ba ne. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, lambobi take yankawa da takarda mai kaushi irin ta kafintoci, yaro ya bi da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Mu ma da ƙasa muka fara, da tsinke, a tsakar gida. Raina bai so aikin gidan ba, yatsun wasunsu ko fensir ba su gama riƙewa ba, amma ba ni ke da makarantar ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An ɗaga mana darasin jiya zuwa yau. Wannan ne ya fi kowanne daɗi tun da muka fara.

Na ninke takarda biyu, na buɗe, na ce a ɗiga uku a gefe ɗaya kawai, a rufe, a danna da tafin hannu, a buɗe. Ihun da suka yi sai da Inna ta sake leƙowa. Uku sun haifi uku. Muka ƙirga duka, shida. Aka yi da ɗaya, aka yi da biyu, aka yi da huɗu. Ban ce musu "tarawa" ko "ninki" ba, su suka sa wa abin suna "tagwaye". Kafin a tashi, yarinyar nan mai goma sha biyu ta ɗiga biyu, ta rufe, ta dube ni kafin ta buɗe ta ce, "Huɗu ne a ciki." Ba ta ƙirga ba. Na tambaye ta nawa, ta ce huɗu, ba ta koma farko ba. Akurkin ya yi aiki, ko kuma lokacinta ne ya yi, oho.

Na nuna musu hoton ƙofar fadar Zazzau a wayata, da zanenta masu launi, da kuma dagi a jikin wata tsohuwar hular maigidana. Na sa tsinken tsintsiya a tsakiyar dagin na ce su duba dama su duba hagu. Da yawansu sun sha wucewa ta gaban fadar, wasu an kai su kallon hawan sallah, amma yau suka ga cewa magina ma tagwaye suke yi. Ɗaya ya ce a bangon zauren kakansa a cikin birni akwai irinsa. Na ce ya je ya ƙirgo mini.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo. Fenti yana bushewa a yatsa kafin ya kai takarda, tagwaye ba sa fitowa sai an yi sauri. Na ƙara ruwa, na kuma riƙa rufe murafen da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan wanke hannu sai na surka da na zafi, in ba haka ba kuka. Man kaɗanya a aljihuna saboda kaushi.

Muka yi tambarin hannu, dama da hagu, yatsu goma. Ga manyan nan uku da wasu huɗu da suka yi gaba, na ƙara ɗigo ɗaya a gefen hannayen: goma, sha ɗaya. Ɗigo biyu: goma sha biyu. Sai na ga ashe harshenmu ya riga ya yi rabin aikin. Lambar da kanta tana faɗin abin da ke cikinta, ga goma ga abin da ya hau kai. Na Turancin da suka haddace na 11 da 12 ba sa nuna wa yaro goman ko kaɗan, sai dai ya haddace su kamar sunan mutum. Daga ashirin ne namu ma yake rufe fuska, tunda ashirin da talatin da arba'in daga Larabci muka aro. Kakata "gomiya biyu" take cewa wani lokaci, kuma in za ta ce 19 sai ta ce ashirin ba ɗaya. Na yanke shawara: a ƙirga da Hausa tukuna har abin ya zauna, Turancin a ɗora daga baya a matsayin suna na biyu. Ban sanar da ofis ba.

Talata, 3 ga Disamba

Awo. Muka jera tambarin hannu a kan doguwar takarda don mu ga bencin hannu nawa ne. Na yarinya ƙarama ya ba da goma sha ɗaya, nawa bakwai. Gardama ta tashi a kan wa ya yi kuskure. Na bar su da ita, na dai nuna musu yadda masu sayar da yadi a da suke awo da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da taƙi. Yaron kuɓewa ya ce hannuna ne ya cika girma.

Saura minti biyar na jefa ɗan jiƙon kanwa a ruwan zoɓo, ya juye kore mai duhu a gabansu. Cokali ɗaya, cokali biyu, cokali uku, muna ƙirgawa muna kallon launin yana tafiya. Wannan kofin ban bari kowa ya taɓa ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Na maimaita gwajin Satumba, murafe bakwai, benci ɗaya, ba fenti. Yara 21 suka zo, biyu na gida da mura. Goma sha biyar suka ce bakwai, kuma goma sha ɗaya daga cikinsu da na ce "nawa ke nan?" suka amsa ba tare da sun koma farko ba. Na lura da yawa suna ture kowane murfi gefe in sun ƙirga shi, abin da ban koya musu kai tsaye ba. Ba zan ce duk fenti ne ba, wata uku a rayuwar ɗan shekara huɗu ba kaɗan ba ne, kuma murafen Litinin sun yi nasu.

Shida har yanzu baki yana riga yatsa. Biyu a cikinsu na ga ba sa son taɓa fentin tun farko, suna ƙyamar danshin, ni kuma na yi ta lallashi maimakon in canja musu hanya. Zango mai zuwa zan ɗaura musu ɗan soso a kan tsinke, ko in ba su hatimin dankali su riƙa bugawa. Su shidan zan fara da su a rukunin farko, da abu uku kacal.

Kwalayen kowa na haɗa na ɗinke da zare, za su tafi da su gida tare da sakamako ranar Juma'a. Na rubuta a bangon kowanne abin da yaron ya iya da abin da ake kai. Mai shago ya ce kwalayen taliya sai bayan sabuwar shekara, kalandar 2024 kuwa na riga na roƙi ta ofis da ta masallacin layinmu tun kafin a cire su.